Askin da Kawu Ya Yi wa Cikgu

Ta waya aka yi wa Kawu zaman makoki. Babu tabarmi a ƙofar gida, babu butoci a jere, babu wadda ta dafa kafaɗar matarsa Inna ta ce ta yi haƙuri. A lokacin, saboda annoba, doka ta hana kowa shiga gidan kowa a Kuala Lumpur, sai ni da ita muka zauna a falo, kowa da ƙyalle a hanci, waya a tsakaninmu tana ta ruri. Ɗalibansa na Bukit Jalil sun kira. Matan malaman jami'a sun kira. Wata tsohuwa da yake sayen abinci wurinta a Kampung Baru ta kira tana kuka da Malayanci har Inna ta koma rarrashinta. Wani ɗalibi ya ce, "Inna, yanzu wa zai yi wa 'ya'yanmu askin suna?" sai muryarsa ta karye ya kashe wayar.

Wajen azahar na fara jin wata magana tana bi ta ƙarƙashin gaisuwar. Wata mata ta gama addu'arta tsaf, sannan ta sassauta murya ta ce, "Amma wai da gaske ne a gidan masu gunki ya ɗauko ciwon?" Inna ta miƙo min wayar ta tashi ta shige ɗaki. Kafin magariba maganar ta ƙetare teku ta dawo mana. Mahaifiyata, wadda ƙanwar Kawu ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta kira daga Kano ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Ki gaya min tsakaninki da Allah. Yayana da sallarsa ya tafi? An ce ya koma bin wani wai shi Buda."

Na zauna a gidansa tun da na zo karatun digiri na biyu, na ga abin da masu maganar ba su gani ba. Shi ya sa nake rubuta wannan, kada a binne mutumin kirki da ƙarya a kansa.

Kawu malamin jami'a ne, ilimin tsirrai yake koyarwa, ya daɗe a ƙasar nan har Malayancinsa ya fi na wasu 'yan gari daɗi. Amma mu gidan wanzamai ne, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Zabirar kakanmu tana rataye a bayan ƙofar ɗakinsa, fatarta ta yi baƙi don tsufa. Duk safiyar Juma'a sai ya fito da kujera baranda, ɗalibai su yi layi, yana wasa aska a kan guntuwar fata yana tambayar kowa inda bincikensa ya tsaya. Ba ya karɓar komai. Idan aka haihu a cikin 'yan Najeriya, shi ake kira ranar suna. Akwai abokan aikinsa da abin yake ba su kunya. Ɗaya ya taɓa ce masa, "Farfesa, ka bar wa yara wannan mana." Kawu ya ce, "Da wannan aka ciyar da ni har na zama abin da kake kira na. Aska ba ta tambayar ɗan waye, kai duk kai ne."

Akwai miki a ƙarƙashin wannan maganar, Inna ce ta ba ni labari. Kafin ita, Kawu ya nemi wata yarinya 'yar gidan malamai, har an sa rana. Sai wani baffan yarinyar ya tashi a gaban mutane ya ce boko ba ya wanke zabira. Aka mayar da kayan. Kawu bai taɓa ambata min ba, amma na lura duk lokacin da aka ce wane ɗan asali ne, sai ya tashi ya ce zai yi alwala.

Cikgu kuwa, aminin Kawu, haka kowa a unguwarmu ta Taman Melati yake kiransa, wato malamin makaranta, don ya koyar da yara har ya yi ritaya. Ba'indiye ne, Tamil, baƙi siriri, ya girmi Kawu sosai. Gidansa yana benen da ke kallon namu. A mamak suka haɗu, wurin shan shayin nan na bakin titi, kuma tun kafin in zo duk yamma suna can a tebur ɗaya. Wani lokaci Inna takan aike ni in yi mana tapau, wato in sayo abinci a ƙunshe, sai Kawu ya ce in ja kujera. A nan na ji tarihin tsohon daga bakinsa.

A gonar roba aka haife shi, cikin mabiya addinin Hindu. Ya ce a wurinsu mutane hawa-hawa ne tun daga ciki, kuma gidansu yana can ƙasa: su ne masu kaɗa ganga a gaban gawa, su ne masu share wurin da aka ƙona ta. Ɗakunansu ma daban aka ware a ƙarshen gonar. Wanzamin gonar ba ya taɓa kansu, sai dai su aske wa juna da tsohuwar reza. Idan inuwarsu ta faɗa kan abincin wani, zubarwa yake yi.

"Kuma aka ce min ni na jawo wa kaina," in ji Cikgu. "Wai na yi wani mugun aiki a rayuwar da ta wuce, shi ya sa aka sake haifata a wannan gida. Yaro ne ni, me na sani na yi?"

Yana saurayi ya shigo birni karatu, ya faɗa hannun wani malamin addinin Buda daga Siri Lanka, mai aski ƙwal da jan mayafi. Shi ya gaya masa haihuwa ba ta tsarkake mutum kuma ba ta ƙazanta shi, aikinsa ne kawai. Cikgu ya bi shi. 'Yan'uwansa suka yi masa dariya, suka ce ai bai je ko'ina ba, Buda ma ɗaya ne daga cikin siffofin da allansu ya sauko da su, daga wannan ɗaki ya koma wancan a gida ɗaya. Matarsa ba ta bi shi ba. 'Yar gidan sama ce, ta aure shi a kan ƙin 'yan'uwanta, suka yanke ta, amma ta riƙe addininta. Na taɓa kai musu cincin da Sallah, daga bakin ƙofa na hango: a kan kanta ɗaya mutum-mutumin Buda a zaune ido a lumshe, a kusurwa kuma nata mai kan giwa, da fitilar mai a gabansa. Kawu bai taɓa tsallaka wannan ƙofar ba. Idan ya je, a baranda ake ajiye masa kujera, kuma Cikgu bai taɓa tambayar dalili ba.

Akwai labarin da Cikgu ya ba shi wanda ya shiga ransa. Wai wasu 'ya'yan sarauta sun je wurin Buda su zama almajiransa, tare da wanzaminsu. Sai aka fara karɓar wanzamin kafin su, don ya zama shi ne babba, dole su riƙa sunkuya masa. Kawu ya riƙa maimaita labarin a baranda ranar Juma'a yana dariya, aska a hannu. Daga nan ne zancen ya samo asali. Wani ɗalibi mai ja mana salla ya same shi ya ce, "Baba, mutane suna magana." Kawu ya ce, "Ka ji na ce a bauta masa? Labari na bayar. Sunkuyar da kai, kada in yanke ka."

Amma wanda yake zaton Kawu yana gyaɗa wa Cikgu kai ne kawai bai ga faɗansu ba. Ni na gani, wata yamma ana ruwa, kafin annoba ta zo. Kawu ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Cikgu, akwai abin da ya tsaya min. Ku ma kun yarda ana sake haihuwar mutum?"

"Mun yarda."

"Kun yarda aikin baya ne ke zaɓa masa inda zai faɗo?"

"Mun yarda. Amma mu burinmu a daina dawowa gaba ɗaya."

"To ai ba ka tsira ba. Tambayar da ka yi kana yaro tana nan. Su sun ce laifinka ne, malaminka ma ya ce laifinka ne, ya dai faɗa da murya mai taushi."

Cikgu ya ture kofinsa gefe. Hannunsa yana rawa a kan tebur, dama yana da wannan rawar hannun. Sannan ya ce, "Kai kuma addininka ya ce babu wanda ya fi wani sai da tsoron Allah. Haka ka gaya min. To su wa suka hana ka mata?"

Fuskar Kawu ta canza. Ban san ya ba shi wannan labarin ba.

"Wannan mutane ne, ba addini ba."

"Nawa ma mutane ne!" Cikgu ya buga tebur har cokali ya faɗi. "Ka san da 'yata ta so wani yaro a wurin ibadarmu, mabiya Buda irina, me uwarsa ta fara tambaya? Me kakanta yake yi a gonar roba. Na gudu daga abin nan tun ina saurayi, ina waiwayawa na gan shi a bayana kamar kare."

Kawu ya tashi ya fita cikin ruwa ko lema bai ɗauka ba. Sun daɗe ba sa magana. Inna ce ta gaji ta dafa shayi mai kayan ƙamshi ta ce ya kai wa Cikgu, ba ta son ganin babban mutum yana kumbura a falo. Da ya dawo na tambaye shi wa ya yi nasara. Ya ce, "Babu. Mun gano dai kare ɗaya ne yake bin mu."

Shekara ta biyu ta annobar ita ce ta fi muni. Aka sake kulle gari. Mamak ya rufe, shagunan aski suka rufe, masallaci ya koma kiran salla kawai ba mamu. Wani bene a bayanmu aka zagaye shi da waya mai ƙaya, sojoji a bakin ƙofa. Mutane suka fara rataya farin ƙyalle a taga, alamar abinci ya ƙare musu, kuma duk safiya idan na leƙa sai in ga sun ƙaru. Jiniyar motar asibiti ta daina sa mu tashi mu duba. Hankaki suka cika titin da babu kowa, suna tafiya a tsakiyarsa a ƙasa kamar nasu ne.

Wata safiya motar ta tsaya a gindin benen Cikgu. Muna kallo daga taga aka sauko da matarsa. Ba ta dawo ba. Daga asibiti aka wuce da ita wurin ƙonawa, shi kuma aka ɗaura masa abin roba ruwan hoda a hannu, aka ce kada ya fito. 'Yarsu tilo tana aiki a wata ƙasa, an rufe iyaka. 'Yan'uwan matar kuwa saƙo ɗaya suka aiko, wai abin da ta shuka ta girba.

Muna cin abincin rana Cikgu ya kira. Kawu ya sa wayar a fili don hannunsa da miya, shi ya sa muka ji komai. Muryar tsohon ta dishe. Ya ce a addinin matarsa, wanda ya fi kusa da mamaci yana aske kansa ƙwal, kuma ba su da ɗa namiji, shi kaɗai ya rage mata. Ya ce ya san ya bar wannan hanyar tuntuni, amma ita ba ta bar ta ba, kuma ta bar kowa nata saboda shi. Ya gwada da kansa, hannun ya ƙi tsayawa, ya yanke kunne.

"Ba roƙonka nake ka zo ba," in ji shi. "So nake kawai wani ya sani na gwada."

Kawu ya wanke hannu ya shiga ɗaki. Da muka ji ƙarar ƙusar da zabira ke rataye, Inna ta miƙe ta tare ƙofar falo.

"Malam, gidan nan ciwo ne a cikinsa. Kana da suga. Ba ma addininka ba ne, ba ma addininsa ba ne."

"Na sani."

"To don me?"

"Mutumin nan tun yana yaro ake ce masa ba a taɓa kansa. Ba zan bari ya zauna shi kaɗai da jini a kunne yana tunanin gaskiya aka faɗa ba."

Ta ce, "In ka fita, ka ɗauko mana mutuwa." Ya ce idan ya dawo ɗakin baya zai shiga, kada wanda ya matso shi. Ya sa ƙyalle biyu a hanci. Ta matsa.

Daga taga na bi shi da ido yana tsallaka filin motoci, hankaki suna buɗa masa hanya. Tunda an hana Cikgu fitowa ko baranda, a ranar ne Kawu ya shiga gidan, karo na farko kuma na ƙarshe. Da ya dawo, ta bayan ƙofa na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce ya juya wa kantar baya, ya yi bisimilla kamar yadda yake yi a kan kowane kai, ya yi aikinsa. Ya ce tsohon bai yi kuka ba sai da ya ji tafin hannu a ƙeyarsa.

Ba a jima ba tari ya fara fitowa daga ɗakin baya. Muna ajiye abinci a bakin ƙofa, kwanon yana dawowa kusan yadda ya tafi. Amma duk lokacin salla muna jin kabbararsa, da farko a tsaye, daga baya muryar ta koma fitowa daga ƙasa-ƙasa, mun san a zaune yake yi. Ranar da motar ta tsaya a gindin namu benen, da ƙafarsa ya fito, ya tsaya nesa da mu ya ce wa Inna ta yafe masa. Ma'aikaciyar jinyar da ta kira mu daga baya, Bamalayiya ce, ta ce leɓensa bai daina motsi da kalmar shahada ba har aka rufe masa ido. Wannan na gaya wa mahaifiyata, kuma shi nake gaya wa duk wanda ya ji wancan zancen. Mutane masu fararen kaya har ka suka sallace shi suka sa shi a rami, mu muna can nesa a bayan igiya. Ni da Inna ciwon bai kama mu ba. Cikgu ya yi ɗan zazzaɓi ya warke.

Ina jin haushin Cikgu a lokacin, kuma ban nemi labarinsa ba. Sai bayan an sassauta doka 'yarsa ta samu shigowa, ta nemo lambata. Ta ce mahaifinta ya canza. Ba ya yarda ta taɓa shi. Ya ware kwanonsa da kofinsa, a ƙasa yake cin abinci kusa da ƙofar bayan gida, idan ta matso sai ya ja baya kada inuwarsa ta hau ta. Ya daina zuwa wurin ibada. Abin da yake maimaitawa kawai shi ne, ashe gaskiya aka gaya masa yana yaro.

Ranar da Inna ta fita takaba ta ce in raka ta. 'Yar ta buɗe mana, muka tsaya a baranda. Da ƙyar na gane shi. Gashin ya fito fari fat, a hargitse, gemu ya rufe masa baki. Yana ganin Inna ya ja da baya har ya jingina da bango, ya ɓoye hannuwansa a bayansa.

Inna ta yi masa magana da Malayancinta na kasuwa. Ta ce, "Cikgu, ni ce na tare masa ƙofa ranar nan, don haka ka saurare ni. Mijina kwanansa ne ya ƙare. Da na kulle shi a ɗaki na haɗiye makullin, da a nan za a zo a ɗauke shi."

Ya girgiza kai. Ya ce ba mutuwar ce take hana shi barci ba, kowa zai mutu. "Ya tafi da ƙazantata a hannunsa. Ina tsoron inda za a sake haifarsa. Kada a jefa shi gida irin namu, yaro ƙarami, a ce masa shi ya jawo."

Inna ta dube ni don ta tabbatar ta fahimta, na maimaita mata da Hausa. Ta gyara mayafinta ta ce, "Mu ba ma dawowa, Cikgu. Zuwa ɗaya ne. Yana kwance yana jiran Ubangijinsa."

"Ba zai dawo ba?"

"Ba zai dawo ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Ya sulale a jikin bango ya zauna a ƙasa. Ya daɗe yana kallon tafin ƙafarsa. Sannan ya ce, a hankali, "Abin da na bar gidanmu ina nema ke nan. To ya riga ni."

'Yarsa ta miƙa hannu za ta ɗaga shi, ya kauce. Muka yi sallama muka sauko.

Har yau da nake wannan rubutu Cikgu yana nan da rai. Shagunan aski sun buɗe tuntuni, mamak ya cika da mutane, amma gashinsa ya sauko har kafaɗa, kuma 'yarsa ta ce duk wanda ta kawo da almakashi sai ya koma da shi a aljihu. Wani lokaci da yamma nakan hango farin kan a tagarsa, yana kallon barandarmu.

Kawu kuwa, Allah ya yalwata masa makwanci, ya sa haske a cikinsa, ya karɓi abin da ya yi da niyyar da ya yi shi. Ya ba Inna da mahaifiyata haƙurin rashinsa. Mu da muka rage, Allah ya tsare harsunanmu daga naman wanda ba zai iya tashi ya kare kansa ba. Amin.